Aikin hana kyanwa da kare haihuwa a Katsina: inda ake samun sauƙi da inda ake asara

Kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata huɗu zuwa shida. Cikinta kwana 63 zuwa 65 ne, takan haifi uku zuwa biyar, kuma a ƙasa mai yawan rana irin tamu babu abin da zai hana ta haihuwa sau biyu ko uku a shekara. Wanda ya karɓi 'yar kyanwa ɗaya don ɓera ya addabi ɗakin hatsi, kafin shekara ta zagayo zai ga tsakar gidansa ta cika. Abin da ke biyo baya kowa ya sani: a zuba 'ya'yan a kwali, a ba yaro ya kai su bakin kasuwa ko bayan ganuwa. Wanda bai bar nono ba a cikinsu ba ya kwana nawa a bola. Wannan ne ya sa nake goyon bayan aikin hana haihuwa, kuma nake son mutum ya san inda zai kai kuɗinsa kafin ya ɗauki dabbarsa ya fita.

Aikin iri biyu ne, kuma a nan farashi ya fara rabuwa. Namiji, wato muzuru ko kare, fiɗiya ake yi masa, a cire 'ya'yan marainansa. Na muzuru mintuna kaɗan ne, sau da yawa ma ba a ɗinki. Mace kuwa sai an buɗe ciki an cire ƙwayayen haihuwa da mahaifa, an ɗaure jijiyoyin jini, an ɗinke ciki hawa-hawa. Saboda haka duk inda ka je, na mace ya fi na namiji tsada, na kare ya fi na kyanwa, na babban kare ya fi na ƙarami, domin da nauyin dabba ake auna allurar barci. Wanda ya yanka maka kuɗi ɗaya kan mace da namiji ba tare da ya ga dabbar ba, ka sake tambayarsa wane aiki yake nufi.

Akwai tambayar da Bakatsine zai yi kafin ta kuɗi: ya halatta? Dabbobin da ake ci, maganarsu sananniya ce, an ruwaito cewa Annabi (SAW) ya yi layya da raguna biyu fiɗiyayyu, kuma taure ba baƙo ba ne a gidajenmu. Game da kyanwa malamai sun saɓa. Wasu sun hana saboda azabtarwa da canza halitta, wasu sun yarda idan yawan haihuwar yana jawo cuta kuma aikin ba zai azabtar da ita ba. Ka tambayi malaminka. Abin lura shi ne, waɗanda suka yarda ma da sharaɗin rashin azaba suka yarda, kuma wannan sharaɗin kaɗai ya isa ya fitar da hanyoyi biyu mafi araha daga lissafi.

Ta farko ita ce mai dandaƙa. Mutumin da ya ƙware a bunsuru da bijimi a kara, ko a kasuwar Mai'adua, gwani ne a fagensa, amma jikin muzuru da na kare daban yake. Marainansu a manne suke da jiki, ƙarfen matse jijiya da zoben roba ba don su aka yi ba. Ɗaure marainan kare da roba ko yanka muzuru da reza idonsa biyu yana kawo zubar jini, ruɓewa, ko sarƙewar haƙora. Kar ka yarda, ko kyauta ne.

Ta biyu ta fi yaudarar mutane saboda babu jini a cikinta: allurar tsarin iyali ta mata, wadda wasu ke saye a kemis su yi wa kyanwa ko karya. Tana tsayar da neman barbara na ɗan lokaci, gaskiya ne. Amma irin wannan sinadarin yana ƙara haɗarin taruwar mugunya a mahaifa da ƙari a nono, kuma ƙarin nono a kyanwa mafi yawansa sankara ce. Mahaifar da ta cika da mugunya maganinta shi ne aikin nan da aka guje wa tun farko, sai dai yanzu na gaggawa ne, a jikin dabbar da ba ta da lafiya, da ƙarin ruwa da allurai na kwanaki, kuma ba kowace ke tashi ba. Araha ba ta ado.

Hanyoyin kirki uku ne. Asibitin dabbobi na gwamnatin jiha shi ne wurin fara tambaya, kuma a ganina shi ne mafi sauƙin kuɗi ga yawancin mutane, domin likitan albashi yake ɗauka, kai kuma kuɗin kati da na magani da kayan aiki ne a kanka. Ana iya rubuto maka allurar barci da zare da safar hannu ka sayo da kanka, don haka kuɗin da aka faɗa maka a baki ba lalle shi ne duka ba. Sai dai a tuna cewa jiharmu ta kiwo ce. Abin da ke cika harabar asibitin shanu ne da tumaki da awaki da dawaki, likitan da ya yi wa tunkiya tiyatar haihuwa sau da yawa yana iya yin watanni bai buɗe cikin kyanwa ba. Wannan ba aibu ba ne, yanayin aikin ne. Fiɗiyar muzuru ko kare mai lafiya zan kai can hankalina kwance. Idan mace ce, zan fara tambaya da ladabi: "Likita, ranka ya daɗe, kuna yi wa kyanwa mace wannan aikin a kai a kai, ko akwai wanda za ka tura ni wurinsa?" Likita na gaskiya ba ya jin haushin wannan tambayar.

Sai likita mai zaman kansa. Ya fi tsada, amma abin da kake saye shi ne lokacinsa da lambar wayarsa, ranar da ɗinki ya kumbura da dare ka san wanda za ka kira. A nan ne kuma ya kamata a buɗe ido, saboda a garinmu duk mai shagon maganin kaji ana ce masa dakta. Likitan dabbobi na ainihi shekara shida yake yi a jami'a ya fito da digirin DVM, kuma yana da rajista da Hukumar Likitocin Dabbobi ta Najeriya, VCN. Malamin dabbobi mai difloma yana da amfani ƙwarai wajen allura da rigakafi da wankin ciwo, amma buɗe ciki ba hurumin sa ba ne. Ka nemi ganin takardar rajista, yawanci a bango take rataye. Wasu likitocin suna zuwa gida, abin da ke yi wa matan aure da masu manyan karnuka daɗi. Fiɗiyar muzuru a ɗaki mai tsabta da haske tana yiwuwa. Buɗe cikin mace a kan tabarma a tsakar gida, ga ƙura ga ƙuda, ban yarda da shi ba, ga kuma kuɗin zuwa da za a ɗora maka.

Na uku shi ne Asibitin Koyarwa na Dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, ɗaya daga cikin mafi daɗewa a ƙasar nan, mai sashe na musamman na ƙananan dabbobi da ɗakin gwaje-gwaje. Kuɗin aikin kansa ba shi ne matsala ba, tafiyar ce. Katsina zuwa Kano kimanin kilomita 170 ne, Zariya kuwa sai an ƙara kusan wata tafiyar irinta, ga kuɗin mota, wataƙila da kwana, ga wahalar dabba a cikin zafi. Kyanwa mai lafiya ba ta buƙatar wannan. Masu buƙatarsa su ne tsohuwar karya, macen da mugunya ke fita ta farjinta, namijin da maraininsa ɗaya bai sauko ba wanda sai an nemo shi a cikin ciki, da kyanwar Farisa mai shafaffen hanci wadda numfashinta ke ba da wahala a lokacin barci. Mutanen Daura, idan abin bai kai haka ba, su gwada Kano tukuna, masu asibitin karnuka da kyanwoyi sun fi yawa a can.

Duk wanda ka zaɓa, kar ka tsaya a "nawa ne?" Ka ce, "Me da me ke cikin kuɗin?" Allurar barci, maganin kashe zafi na bayan aiki, maganin hana ciwo ruɓewa, wankin ciwo, da cire zare bayan kwana 10 zuwa 14, kowanne ana iya cajinsa daban. Wuri biyu za su faɗi farashi, na farko ya yi kamar ya fi sauƙi, amma idan ka tara waɗannan sai ka ga na biyun ne mai rahusa. Ka kuma duba da idonka. Akwai sikeli? Alluran barci na ketamine da xylazine da aka fi amfani da su a nan da nauyin jiki ake lissafa su, kyanwa kuma kilo uku ce ko huɗu, ɗan kuskure a wurinta babba ne. Wanda ya ɗaga ta da hannu ya kintata, ka ɗauki abarka ka tafi. Yaya ake dafa kayan aiki? An duba dasashinta an auna zafin jikinta kafin a sa rana? An gaya maka ka hana ta abinci kafin aiki? Xylazine tana sa kyanwa amai, idan ciki a cike yake abincin yana iya faɗawa huhu. Likitan da bai yi maganar wannan ba ya bar babban abu.

Hanyar rage kuɗi ta fi yawa a hannunka. Ka yi da wuri: kyanwa tana wata biyar ko kusa da haka, kafin ta fara neman barbara, aikin ya fi sauƙi, maganin ya fi kaɗan, kuma haɗarin sankarar nono yana raguwa sosai. Mai ciki ko mai neman barbara jijiyoyinta a cike suke da jini, aikinta ya fi daɗewa, likitoci da yawa suna ƙara kuɗi. Manyan karnukan gadi irin Alsatian da Boerboel su ne ake jinkirta wa har ƙashinsu ya gama girma, wajen shekara ɗaya ko fiye, likita zai sa maka lokaci. Sannan ka haɗa kai da maƙwabta. Kwalbar allura ɗaya tana isar kyanwoyi da dama, idan gida huɗu ko biyar a Sabuwar Unguwa ko Rafindadi suka kai nasu rana ɗaya, akwai bakin neman ragi. Idan kuɗin dabba ɗaya kawai kake da shi alhali kana da mace da namiji, ka fara da macen duk da ta fi tsada, domin muzurun maƙwabta yana nan kan katanga. Ka kuma sani namijin da aka yi wa aiki yana iya ba da ciki har makonni kaɗan bayan haka.

Rigakafin haukan kare kada ya fita daga lissafi, kare da kyanwa duka suna buƙatarsa daga wata uku, a sabunta duk shekara. Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, wadda aka kafa a 1924, tana cikin masu yin allurar. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da cutar ta duniya, kuma a irin wannan lokaci akan yi rigakafi kyauta ko da rangwame, sai ka tambaya a asibitin gwamnati.

Masu karen gadi suna tsoron kada ya zama rago bayan fiɗiya. Gadi a halinsa da horonsa yake. Abin da ke raguwa shi ne tsallake katanga bin karya, inda yake ɗebo cizo da wani ƙari mai zubar da jini a al'aura da ake ɗauka wajen barbara, wanda ya yawaita a karnukan da ke yawo. Muzuru ma yawanci yana rage fesa fitsari a labule da faɗan dare. Ƙiba ce ke biyo baya idan ba a rage abinci kaɗan ba.

Game da lokaci, in da hali ka kauce wa tsakiyar bazara, Maris zuwa Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, da kuma tsakiyar damina mai yawan ƙuda, domin ƙuda yana zuba ƙwai a ciwo ya yi tsutsa. Hunturu ya fi, amma a lulluɓe dabbar bayan aiki, jikinta yana sanyi kafin ta farfaɗo. A ajiye ta a ɗaki mai tsabta kwana 10 zuwa 14, ba wanka, ba tsalle, a sa mata abin wuya na roba ko a sanya mata hannun tsohuwar riga don kada ta lashe zaren. Kada a shafa toka, baƙin mai ko man zafi.

Abin da na fi roƙon matan gida da yara su ji shi ne kada a ba kyanwa farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta, hantarta ba ta iya sarrafa shi. Ibuprofen da diclofenac su ma suna lalata ciki da ƙodar kare da kyanwa. Maganin zafin da likita ya bayar kawai za a yi amfani da shi. Idan ta wuce kwana ɗaya ba ta ci ba, ko dasashinta ya yi fari, ko jini na ɗiga, ko ɗinkin ya buɗe ko yana wari, a mayar da ita wurin wanda ya yi aikin a ranar. Saboda haka tun kafin ka biya, ka tabbatar dawowar tana cikin kuɗin, kuma ka karɓi lambar da za a ɗauka ranar Juma'a da yamma ko Lahadi.