Na kai garin kunun gyaɗata leb an gwada min danshi

Ni garin kunun gyaɗa nake yi a gida nan Kano, in ɗura a leda in kai shaguna. To duk damina sai an dawo min da kaya, garin ya dunƙule yana warin tsohon mai, alhali wanda na yi da hunturu sai ya yi wata da watanni lafiya lau. Da na fara neman lambar NAFDAC aka ce dole in sa ranar lalacewa a jikin leda, ni kuma gaskiya ba zan rubuta da ka ba, abin da yara ke sha ne fa. Shi ne na kai garin wani leb, wato ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, mai zaman kansa.

Wallahi aikinsu ya burge ni. Sun ɗora garin a sikeli, suka busar da shi a zafin digiri 105 suka sake aunawa, nauyin da ya ragu shi ne ruwan da ke ciki. Sauran kuma suka sa a wani akwati kamar firij amma shi zafi ne digiri 40 danshi kashi 75, kamar an haɗa maka zafin Afrilu da laimar Agusta lokaci guda, duk sati biyu su ciro su duba yadda man gyaɗar ke lalacewa da ko ya fara fumfuna. Malamin da ya min bayani ya ce ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka saurin lalacewa, da haka suke lissafa tsawon lokacin da kaya zai yi a shago bai lalace ba.

Ashe ledata ce matsalar! Siririya ce, danshi na ratsa ta, garin da suka sa a jaka mai foyil, wato mai ƙyallin nan a ciki, ko gezau bai yi ba. Sun kuma ja min kunne kan gyaɗar da nake sarowa a Dawanau, in ba ta bushe sosai ba fumfuna na haifar da gubar afilatoksin mai cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe ta. Wannan ya tsorata ni.

Inda ban ji daɗi ba, sakamakon ya makara sai da na yi ta sintiri, ga takardar duk Turancin kimiyya, sai da na koma aka fassara min. Kuɗin ma ba kaɗan ba ne ga mai ƙaramin jari, don haka 'yan'uwa masu yaji da dakuwa ku fara tambayar farashi kafin ku kai. Ni dai na yi odar jakar foyil, daminar bana a ciki zan ɗura.