Ilektif Mas: ta ajiye shi ko ta ci gaba da shi?

Hajiya, na ga tambayarki. Kin ce 'yarki tana aji biyu a sakandare nan Kumasi, ɓangaren kimiyya, sau biyu a jere tana kawo E8 a Ilektif Mas, wato lissafin zaɓi da ake ƙarawa a kan na dole, alhali tana ƙoƙari a Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, ita kuma ta matsa a bar ta ta ajiye shi. Ga yadda nake ganin hanyoyin biyu.

Kafin komai, a san yadda ake lissafin shiga jami'a. A WASSCE, wato jarrabawar gama sakandare, sakamako yana farawa daga A1, mafi kyau, zuwa F9, kuma jami'a tana son A1 zuwa C6 a darussa shida: uku daga na dole, uku daga na zaɓi. Ana haɗa lambobin, wanda jimillarsa ta fi ƙanƙanta shi ne a gaba. D7 da E8 ba faɗuwa ba ne a takardar WAEC, hukumar da ke shirya jarrabawar, amma ba sa buɗe ƙofar digiri.

Idan ta ajiye, akwai riba, kuma ba ƙarama ba ce. Awannin da take kashewa tana fama da kalkulas da dare za su koma kan Kemistiri da Fiziks. Hankalinta zai kwanta, kuma yarinyar da take kuka kan darasi ɗaya takan fara tsanar makarantar gaba ɗaya. Likitanci da jinya ba su rufe mata ba, domin Bayoloji da Kemistiri da Fiziks sun cika sharuɗɗan. Abin da za ta rasa shi ne injiniyanci a KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, inda sai da Ilektif Mas da Fiziks da Kemistiri, haka ma fannonin da aka gina kan lissafi. Wannan ƙofa tana rufuwa ne tun tana 'yar shekara 16 ko 17, lokacin da yara da yawa ba su gama sanin abin da suke so ba.

Akwai wata asarar da iyaye ba su cika lura da ita ba. Mai darussan zaɓi huɗu, ukun da ya fi ci ake ɗauka, na huɗun kamar tayar sifiya ce a bayan tirotiro. Da zarar ta koma uku, ba ta da madadi. In Kemistiri ya zame ya zama D7 ranar jarrabawa, sai zaman gida da kuɗin rimidiyal, wato ajin gyaran sakamako, a jira jarrabawar Nuwamba da Disamba ta masu sake zama.

Idan ta ci gaba kuwa, ko da ta sake kawo E8 a WASSCE, ba zai shiga jimillarta ba muddin sauran ukun sun yi kyau kuma fannin da take nema bai buƙace shi ba. Tsoron da ake yi cewa zai ɓata mata sakamako ya fi abin da ke faruwa girma. Sannan bektoci da lissafin motsi da ƙarfi da ake yi a Ilektif Mas su ne take sake haɗuwa da su a Fiziks, ajiye ɗaya ba zai raba ta da su ba. Haɗarin wannan hanya shi ne lokaci. In darasin yana cinye mata dare har B3 ɗinta na Bayoloji ya gangaro C5, to an yi asara biyu.

Ni dai na fi karkata ga ta ci gaba, amma da sharaɗi. Ki karɓi takardun jarrabawarta ki buɗe, kada ki tsaya a kan katin sakamako. E8 maki 40 zuwa 44 ne, C6 kuma daga 50 yake farawa, tazarar ba ta kai yadda harafin yake tsorata mutum ba. Duba inda jan biron malami ya fi yawa. In tana fara tambaya daidai sai ta ɓata a tsakiya wajen sauya alamar ƙari da ragi, ko ta bar tambayoyi biyu na ƙarshe babu komai don lokaci ya ƙare, wannan yana gyaruwa da tsofaffin tambayoyin WAEC da wani ɗalibin KNUST da zai zauna da ita ranar Asabar, irinsu ba sa wuya a Aboabo da Asawase. In kuwa shafukan fari fat suke, kuma lissafin dole ma yana ba ta wuya, to tushen ne bai zauna ba, kuma can ya kamata ƙarfinta ya koma, domin shi babu jami'ar da za ta yafe shi.

Ki zauna da ita ki tambaye ta me take son karantawa, ba a gaban baƙi ba. In ta ce jinya ko likitanci, kuma ta daɗe a kan haka, ajiyewa ba abin kunya ba ne. In ta ce injiniya ko kwamfuta, ko ta ce ba ta sani ba tukuna, a ba ta zango guda da mai koya mata. Ki kuma je wurin mataimakin shugaban makaranta mai kula da karatu, ki ji yaushe za su yi wa ajinsu rajistar WAEC, domin kafin ranar ne za ku yanke shawara.