Kaye ko Manhaja: A Ina Mai Karatu Zai Ajiye Lissafin Littattafansa?

Duk wanda ya taɓa aron littafi, ya kai shafi na arba'in sannan ya gane cewa ya riga ya karanta shi bara waccan, ya san amfanin rubuta abin da ya karanta. Inda za a rubuta shi ne abin dubawa, kuma wannan ya danganta da irin littattafan da ke shigowa hannun mutum, ba da tsadar wayarsa ba.

Manhajoji uku ne suka cancanci a auna su. Goodreads, wadda aka buɗe a 2007 kuma kamfanin Amazon ya saye ta a 2013, ita ce ta fi suna. StoryGraph ta biyo baya a 2019, kuma tana lissafa wa mai sauraron littafin murya sa'o'in da ya saurara maimakon shafuka. Babelio kuwa da Faransanci take aiki, saboda haka ta fi sauƙi ga wanda ya yi boko a Garwa, Marwa ko Ngaundere na ƙasar Kamaru. Dukkansu ana shiga kyauta, kuma suna da amfani matuƙar littattafan da aka buga a Turai ne a gabanka: ka rubuta sunan Djaïli Amadou Amal, 'yar Marwa da ta ci kyautar adabi ta Goncourt ta ɗaliban sakandare a 2020, nan take littattafanta za su fito har da hoton bango.

Da an zo kan littattafan Hausa sai labari ya sha bamban. Da yawa daga cikin ƙagaggun labaran da ake kawowa daga Kano ba su da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, wasu ma ba su taɓa hawa takarda ba, a WhatsApp suke yawo babi-babi, ko a saurare su a YouTube kashi-kashi. Manhaja ba ta san da zamansu ba, kuma ko an sami wanda ya shigar da ɗaya, wani ya rubuta sunan da ƙ, wani da k, sai neman ya zama wahala. Ga kuɗin data, ga cajin waya ranar da aka ɗauke wuta.

Shi ya sa, a ganina, wanda yawancin karatunsa na Hausa ne ya sayi kaye, wato littafin rubutu. Ba ya tambayar lamba, ba ya jiran sabis, kuma yana karɓar abin da ka ga dama: sunan wanda ya ara maka littafin, kashin da ka tsaya a sauraro da mintin da barci ya ɗauke ka. Ga masu son labaran binciken kisa, a nan ne ma daɗin yake, domin kana iya ware layi guda ka rubuta wanda kake zargi da shafin da zargin ya fara, kafin ka kai ƙarshe ka ga ko marubucin ya yi maka wayo. Irin wannan bayani in ka sa shi a bainar jama'a, ka ɓata wa wani karatu ke nan. Aibin kaye sananne ne: gara, yoyon damina, da ƙananan yara. Maganinsa shi ne a ɗauki hoton shafukan da waya duk ƙarshen wata.

Akwai kuma Google Sheets, wanda ke jera sunaye bisa haruffa ko shekara, amma cika shi a kan waya akwai gajiyarwa, sai dai ga wanda littattafansa suka kai ɗaruruwa.

Idan ka shiga kasuwa neman kayen, ka zaɓi mai bangon kwali da shafi 200, ɗinkakke da zare, domin wanda aka haɗa da gam yakan saki takardunsa a zafin Maris da Afrilu. Ka gwada bironka a shafin ƙarshe, in mai shago ya yarda, ka juya ka duba ko tawada ta ratsa.