Rumbun National Registry of Exonerations: amfaninsa da giɓinsa

Rumbun bayanai ne na kyauta a intanet. An buɗe shi a 2012, malaman shari'a na jami'o'in Amurka ke kula da shi. Ya tattara shari'o'in mutanen da aka ɗaure sannan aka wanke su daga 1989 zuwa yau, sun haura 3,000. Ana iya tace jerin da jiha, ko irin laifi, ko dalilin kuskuren: shaidar zur, kuskuren gane fuska, amsa laifin da ba a yi ba, gurguwar hujjar kimiyya, sakacin lauyan wanda ake tuhuma, ko maguɗin jami'ai.

Amfaninsa na gaske yana cikin tarihin kowace shari'a. Duba ta Michael Morton na jihar Texas. An ɗaure shi a 1987 kan kisan matarsa. Mai gabatar da ƙara ya riga ya yanke a ransa cewa mijin ne, don haka bai miƙa wa lauyoyin Morton bayanin ɗan Morton mai shekara uku ba, wanda ya ce babansa ba ya gida lokacin. Akwai wani ƙyalle mai jini da aka tsinta kusa da gidan. Shekara shida ofishin masu ƙara yana hana a gwada shi. Da aka gwada a 2011, ƙwayar halittar wani mutum daban ta bayyana. Morton ya yi kusan shekara 25 a kurkuku, shi kuwa mai gabatar da ƙarar hukuncin kwana goma aka yanke masa kan ɓoye hujja.

Ciwon tsarin shari'ar Amurka ke nan: lauyoyi biyu na kokawar cin nasara, alƙali na alƙalanci kawai, babu wanda aka ɗora wa tono gaskiya. Lauyoyinmu su kula, don manyan kotunan Najeriya ma wannan tsarin suka gada daga Ingila.

Sai dai akwai giɓi. Da Turanci kawai yake, kuma Amurka kaɗai ya shafa. Wanda aka soke hukuncinsa na farko amma ya amsa ƙaramin laifi don a sake shi ba ya shiga lissafi, ko da hujja tana goyon bayansa. Mai bincike kuma ya lura: shari'a ɗaya kan ɗauki dalili biyu ko uku, shi ya sa jimillar kason dalilan ke wuce ɗari.