Shagon littattafan nan na wajen Zoo Road da kantarsa ta labarin bayi

Shagon ɗan ƙarami ne, in ba ka lura ba sai ka wuce shi, amma kanta guda suka ware wa littattafan hikaya a kan bauta kuma wallahi ita kaɗai ta isa ta kai mutum. Akwai Beloved na Toni Morrison na 1987, akwai Homegoing na Yaa Gyasi na 2016, shi na fi so a fara da shi, labarin 'yan'uwa mata biyu, ɗaya tana saman ginin Cape Coast na Ghana, inda Turawa suke tsare bayi, matar Bature, ɗayar tana kurkukun ƙasan ginin tana jiran jirgi. Kana bin jikokinsu kana ganin yadda mutum zai bar gida yana da ƙabila da yare da sunan kakansa, kafin jika uku a Amurka an kankare duka sai launin fata, shi kuma ya ɗauki launin nan ya gina kansa a kai da waƙa da addu'a da gwagwarmaya. Mu nan ba wanda yake tashi da safe yana tuna shi baƙi ne, Bakano ne ko Bazazzage, shi ya sa karatun yake taɓa zuciya.

Abin da ya fi burge ni, mai shagon bai tsaya kan na Amurka ba. Ya jera The Hundred Wells of Salaga na Ayesha Harruna Attah, Salagar nan dai ta Gwanja da fatakenmu suke zuwa saro goro, a da kasuwar bayi ce babba. Ga Shaihu Umar na Tafawa Balewa a gefe. Na ce masa Alhaji da gangan ka haɗa su? Ya ce to a kasuwar Kurmi ta Kano ba a sayar da mutane ba? Gaskiya ya faɗa, sai 1936 aka haramta bauta baki ɗaya a Arewa, kuma har yau in an zo maganar aure akwai gidajen da ake binciken asali ana raɗa.

Inda suka gaza: kuɗin ya yi yawa ga ɗalibi, kuma wasu kwafin bugun jabu ne, takarda sharara, ka buɗe tsakiya gam ya saki. Ka duba shafukan kafin ka biya. Fassarar Hausa ta na wajen kuwa babu ko ɗaya, abin ya dame ni. Suna karɓar tiransifa, kuma in littafi ya ƙare suna sa a kawo daga Legas.