Sharhi kan kwas ɗin tarihin lissafin Indiya da na bi ta waya

Kwas ne na bidiyo a intanet, da Turanci, kuma kyauta ne in ka cire kuɗin data. Ni lissafi nake koyarwa a sakandare, shi ya sa na shiga.

Malamin ba ya ɓata lokaci wajen kirarin magabata, biro yake sa ka ɗauka. Da aka zo kan Aryabhata, wanda ya rubuta littafinsa a shekarar 499 yana da shekara 23, sai aka miƙo mana ƙa'idarsa yadda take: ka ƙara 4 a kan 100, ka ninka sau 8, ka ɗora 62,000. Abin da ya fito, 62,832, shi ne kewayen da'irar da faɗinta ya kai 20,000. Kana raba kewayen da faɗin sai ga 3.1416, wato lambar da ake kira pi. Kuma shi da kansa ya ce kusa ne, ba cif-cif ba.

Darasin Brahmagupta ya fi yi mini amfani. A shekarar 628 ya shimfiɗa dokokin sifiri, ya kira lambar da ta haura sifiri dukiya, wadda ta gaza shi kuma bashi. Da na kai wannan aji, yaran da alamar ragi ke ruɗawa suka fara ba da amsa tun ban gama rubutu a allo ba, don babu wanda bai san bashin mai shago ba. Kwas ɗin bai rufa wa Brahmagupta asiri ba: ya ce sifiri a raba shi da sifiri sifiri ne, abin da lissafin yau bai yarda da shi ba.

Inda na ji an cuce mu shi ne darasin masana lissafin Kerala, yankin da ke kudancin Indiya. Madhava, a ƙarni na 14, ya samo jerin lambobi marar iyaka da ke kai ka ga pi, fiye da shekara 200 kafin Leibniz, masanin lissafi Bajamushe, ya same shi, amma a gajeren bidiyo ɗaya aka sallame shi. Haka nan yadda lambobin Indiya suka isa Bagadaza har Al-Khawarizmi ya yi littafi a kansu wajen shekarar 825, a tsaitsaye aka ambata, alhali nan ne mai karatun allo zai fi kasa kunne.

Sautin ya yi ƙasa, rubutun ƙasan bidiyon kuma yana dagula sunayen Sanskrit, tsohon harshen Indiya. Malamin lissafi zai ƙaru sosai. Wanda ya manta rabawa da ninkawa kuwa, ya ɗan yi bita kafin ya fara, kuma ya sauke bidiyon da datar dare.