IMSLP da neman waƙoƙin Animuccia daga nan Damagaram

Jama'a 'yan kwayar coci, duk mai neman takardun tsohuwar waƙar coci ta Italiya to IMSLP, shafin intanet na takardun waƙa, zai fara leƙawa, amma kar ya ɗauka can zai gama. Ni wanda na shiga nema shi ne Giovanni Animuccia, mutumin Florence, shi ya gaji shahararren mai tsara waƙa Palestrina a shugabancin mawaƙan Cappella Giulia, kwayar cocin Saint-Pierre, a Roma a 1555, yana kai har ya rasu a 1571 sannan Palestrina ya dawo kujerarsa. Palestrina kowa ya san shi, wannan bawan Allah kuwa ko a Yamai ka ambace shi sai a ce wa? Alhali shi ya tsara ma Filippo Neri, wani fada na Roma, waƙoƙin yabo da ake ce ma laudi, littafi na farko 1563 na biyu 1570.

IMSLP dai kyauta ne, tun 2006 yake, sunansa na biyu Petrucci saboda Ottaviano Petrucci wanda ya buga littafin waƙa a Venise tun 1501. In ba ka biya kuɗin mamba ba za ka jira sakan 15 kafin fayil ya buɗe, wannan ba komi ba ne, wanda ya saba da rezo ɗinmu ai bai san ya jira ba. Ka dai lura da suna, akwai ɗan'uwansa Paolo Animuccia shi ma mai tsara waƙa ne, in ka yi gaggawa sai ka ɗauko na wani.

Inda aikin yake shi ne tsohon bugu. Littattafan zamanin yawanci kowace murya da nata littafi daban, cantus daban altus daban tenor daban bassus daban, babu layin da ke raba awo, notocin masu kusurwa huɗu ne ba zagaye ba, makullin ma, wato alamar farkon layin notoci, ba wanda muka saba ba, to ka ce ma yarinyar da ke soprano ta karanta wannan da yammacin Asabar bayan ta taso daga lakwal ai ka nemi rigima. Ga nauyi, hoton shafi ne ɗaya ɗaya, forfe ɗinka zai tafi kana kallo, gara ka je sibar da kile ka sauke can. Kuma ka ce ma mai fotokopi ya rage baƙi, in ba haka ba tsohuwar takarda takan fito duhu ƙirin.

Shi ya sa in rerawa kuke so ku yi CPDL ya fi, shafin waƙoƙin kwaya ne, tun 1998 suke, masu sa kai ne ke sake rubuta waƙoƙin da rubutun yanzu muryoyi duka a shafi guda. Sai dai hannu ya bambanta, wani ya yi aiki tsaf wani ya bar kuskure, nan ne tsohon bugun IMSLP ke amfani, ka ɗora su gefe da gefe ka duba.

RISM kuma, kundin jerin tsofaffin takardun waƙa, ba ya ba ka waƙa, gaya maka zai yi wane ɗakin karatu ke riƙe da wane littafi, Bologna ne ko Roma, sai ka rubuta musu imel. Da Faransanci ma ka gwada.

Ni dai IMSLP huɗu cikin biyar na ba shi. Mai farawa ya nemi laudi tukuna, sun fi sauƙin baki, ya bar littafin Mass na 1567 sai kwayarsa ta yi ƙwari.